Yadda muka gyara ramin jirgin L a Niyok ba tare da an tsayar da jirgi ba

Jama'a sau da yawa in na je gida ko muna hira da 'yan uwa a waya sai a tambaye ni wai wane irin aiki nake yi a Amurka da kullum in an kira da rana ina barci, in na ce aikin wuta sai a ɗauka wayarin gidaje nake yi kamar yadda na koya tun ina yaro. Eh da shi na fara, amma aikin da ya fi zama min a rai shi ne wanda muka yi a ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin L a birnin Niyok daga 2019 zuwa 2020, ina cikin ma'aikatan wani ɗan kwangila, kuma bari in ɗan ba ku labarin yadda abin yake don duk wanda yake tunanin shiga irin wannan aikin ko kuma kawai yana son sanin me ake yi a ƙarƙashin ƙasa cikin dare.

Shi wannan ramin a ƙarƙashin kogin East River ya bi, ya haɗa Manhatan da Buruklin, daga tashar First Avenue zuwa tashar Bedford Avenue, kuma tun 1924 aka buɗe shi, ramuka biyu ne a jere ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. A watan Oktoba 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan teku ya cika shi, galan miliyan 7 na ruwan gishiri. An zuƙe ruwan, jirgi ya ci gaba da tafiya, fasinja ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Ruwan ya tafi amma gishirin bai tafi ba, ya shige cikin kankare ya zauna yana cin ƙarfe da waya a hankali kamar yadda gara take cin azara, daga waje ka ga ɗaki lafiya lau alhali ciki ya zama gari. Mu da muka shiga bayan shekara kusan bakwai mun ga wannan da idonmu, akwai wurin da za ka ɗan ƙwanƙwasa da guduma ka ji sauti na holoƙo, wani wurin ma da hannu kake ɓantaro shi.

Inda matsalar ta fi yawa shi ne dakalin kankare da ya bi gefen ramin tun daga wannan baki har wancan. Turawan da suka gina ramin a cikin dakalin nan suka binne bututan da wayoyin wuta da na sadarwa suke bi, samansa kuma hanya ce da mutane za su taka su fita in jirgi ya maƙale. To tsarin farko da hukumar MTA mai kula da jiragen birnin ta yi shi ne a rufe ramin gaba ɗaya wata 15 daga Afrilu 2019, a farfashe dakalin nan kaf, a kwashe, a sake zuba sabo da sababbin wayoyi a ciki. A lokacin mutum wajen 225,000 ne suke ratsa ramin nan kowace rana, ku duba ku gani. An shekara kusan uku ana shiri, wasu mazauna unguwar Williamsburg da ke bakin ramin ta ɓangaren Buruklin har sun tashi sun bar gidajensu, kuɗin haya ya sauka, masu shaguna suna ta kuka tun kafin a fara.

Kwatsam ranar 3 ga Janairu 2019 sai gwamnan jihar na lokacin Andrew Cuomo ya fito ya ce an fasa rufewa, wai ya kawo malaman injiniya daga jami'o'in Columbia da Cornell sun shiga ramin sun duba sun ce ba sai an rushe dakalin duka ba. A bar tsofaffin wayoyin a inda suke a mace, a kafa marataya a jikin bango a rataye sababbi a sarari, inda dakalin ya lalace sosai a cire a sa matakar ƙarfe, inda da sauran ƙarfinsa a lulluɓe shi da wani irin allo mai tauri na zaren gilashi da roba, sannan a bi shi da siririyar waya mai aiki da haske wadda za ta riƙa sanarwa in kankaren ya motsa ko ya tsage. Aka ce ana yin irin wannan ratayen a Landan da Hong Kong da Riyad.

Gaskiya mu ma'aikata da farko ba mu yarda ba, a wajen shan shayi kowa cewa yake siyasa ce kawai, kuma wasu injiniyoyi ma sun fito sun nuna shakkarsu musamman a kan ƙura da kuma huda bangon rami mai shekara 95. Ni kaina na ce wannan ai rufa-rufa ce. Amma da muka fara aikin, a matsayina na mai aikin wuta sai na ga ta wajen waya dai dabarar ta fi ta da nesa ba kusa ba, don waya in tana binne a kankare ta samu matsala sai ka yi ta lalube kana fasa nan kana fasa can, in kuwa a rataye take tocila kawai za ka haska ka bi ta da ido har ka ga inda ta ƙone.

An fara ranar 26 ga Afrilu 2019. Tsarin shi ne da rana jirgi yana tafiya kamar kullum a ramukan biyu, da dare da kuma Asabar da Lahadi a ba mu rami ɗaya, ɗayan kuma jirgi ya riƙa bi zuwa da dawowa duk bayan minti 20. Kuma a nan duk wahalar aikin take, abin da ba wanda ya gaya min kafin in shiga. Ni na ɗauka ƙwarewar hannu ce za ta yi magana, ashe agogo ne. A daren ranar aiki wajen ƙarfe goma ake rufe ramin, ƙarfe biyar na asuba dole ka mayar da shi tsaf kamar ba a taɓa shi ba, ka ga awa bakwai a takarda ko? To ba bakwai ba ce. Sai jirgin ƙarshe ya wuce, sai an kashe wutar ƙarfe na uku wanda yake gefen dogo yana ɗauke da wuta sama da bolt 600, sai wanda aka ɗora wa alhakin ya zo ya gwada da na'ura ya tabbatar ta mutu, sai masu tuta da fitila sun tsaya a wurarensu, sai jirgin dakon kaya ya lallaɓo ya shigo da mu da kayan aiki, kafin ka ɗaura kusa ta farko wani lokaci sha biyu ta gota. Can kuma tun kafin huɗu oga ya fara ihu a tattara, a share, a ƙirga kaya, don ko sifana ɗaya ka manta a kan dogo magana ce babba. Abin da ya rage a tsakiya shi ne aikin, kuma shi ya sa ƙarshen mako ya fi mana daraja, daga daren Juma'a har asubar Litinin rami yana hannunmu ana canjin ma'aikata, aikin da ake yi a wannan tsakanin ya fi na sauran dararen a haɗe.

Saboda haka komai a sama ake gama shi kafin a sauka. Ogan ƙungiyarmu wani dattijo ne da ya daɗe a aikin rami, shi ya fi ɓata lokaci a farfajiyar ajiye kaya fiye da cikin ramin, yana jera marataya bi da bi yadda za a kafa su, kowace da lambarta, noti da kusa a jaka daban-daban, batiran injin huda bango duk an caje an yi musu alama. Da farko na ga kamar tsabar fitina ce irin ta tsofaffi, har sai wani dare da ƙungiyar da ke gabanmu suka sauka suka tarar an bar musu akwatin kusoshi a sama, ba kanti a ƙarƙashin kogi, ba yadda za ka ce yaro ruga ka ɗauko, tafiyar ƙafa daga tsakiyar ramin zuwa tasha da dawowa ta cinye musu rabin dare, mutum goma sha suna tsaye ana biyansu suna kallon bango. Tun daga nan na daina ganin baƙin dattijon.

Huda bangon ma ba haka kawai ake yi ba. An ƙayyade zurfin da kowane rami zai kai, an sa wa bakin injin alama yadda ba za ka wuce ba, don bayan wannan kankaren akwai ƙarfen da ya riƙe ramin, bayansa kuma laka ce da kogi. Wallahi ranar farko da na tuna cewa jiragen ruwa suna wucewa a saman kaina sai da hannuna ya ɗan yi sanyi, daga baya mutum ya saba. Sai maganar ƙura, wadda ita ce na fi so matasa su ji. Ƙurar kankare tana da wani sinadari da ake kira silika, in ya taru a huhu ba ya fita kuma ba shi da magani, ba yau zai kama ka ba sai bayan shekaru. Injinan namu suna haɗe da mazuƙar ƙura, ana fesa ruwa a inda ake fasa dakali, akwai masu auna iska, kuma takunkumi na gaske ake sawa mai matata a gefe wanda sai an gwada shi a fuskarka. Nan fa aka zo wajen gemu, don takunkumin ba ya kama fuska in da gashi, ni da wani ɗan uwa ɗan Senegal sai da muka yi ta kai da komo da mai kula da lafiyar ma'aikata kafin aka samo mana irin mai rufe kai gaba ɗaya da ɗan injin hura iska a ƙugu, ya fi nauyi amma gemu ya tsira. In na tuna yadda ake fasa dutse da yankan tayil a gida ba ko ƙyalle a hanci sai raina ya ɓaci.

Azumin 2019 ya kama a watan Mayu, aiki bai fi mako biyu da farawa ba, kuma abin mamaki aikin dare ya zo min daidai, in sha ruwa a gida a Buronks in hau jirgi mai lamba 4 zuwa Union Square, sahur kuma a cikin rami a zaune a kan dakalin da muke gyarawa, dabino da ruwa da ɗan abin da uwargida ta ƙulla min. Abokan aiki har sun san lokaci, wani ɗan Jamaika shi yake duba agogo ya ce min malam je ka ci abincinka. Sallar asuba ce dai sai mun fito.

Ba waya kaɗai aka yi ba, an canja dogo da ƙarfe na uku, an sa sababbin injinan zuƙar ruwa masu ƙarfi, an ɗaga na'urorin da ke sarrafa su zuwa inda ambaliya ba za ta kai ba, an gina sababbin tashoshin wuta don a iya ƙara yawan jirage, an buɗe sabuwar ƙofa ta Avenue A a tashar First Avenue, an sa lifta a can da Bedford Avenue. Layin L dama shi ne na farko a birnin da aka sa wa siginar zamani mai aiki da kwamfuta da rediyo, wadda jirgi yake faɗin inda yake a kowane lokaci, shi ya sa wayoyin siginar nan muke taɓa su da tsoro, ka kuskure ɗaya da safe layi gaba ɗaya ya tsaya kuma kowa zai san daren waye. Kafin a kashe tsohuwar waya sai sabuwa ta hau an gwada an sake gwadawa, kuma zanen da aka ba ka kada ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, rami mai wannan shekarun hannu nawa ya taɓa shi, akwai wayoyin da muka tarar ba sa cikin kowace takarda kuma wasunsu da wuta a jiki. Duk wayar da ban gwada da kaina ba a wajena mai rai ce.

An gama rami na farko wajen ƙarshen Satumba 2019 muka koma na biyu, wanda ya fi sauri don hannu ya riga ya faɗa. Sai korona ta shigo a Maris 2020, gari ya mutu, jirgi ba kowa sai ma'aikatan asibiti da irinmu, aka rarraba mu ƙungiya-ƙungiya ba a cuɗanya, wasu suka kwanta ciwo, kullum ka fito gida iyali suna kallonka kamar kar ka tafi. A haka aka lallaɓa aka ƙarasa, ranar 26 ga Afrilu 2020 aka sanar an gama, shekara ɗaya cif kuma kafin wa'adin da aka ɗiba, ana cikin wani azumin. Ba biki ba taro, kowa ya kwashe kayansa.

Har yanzu in an tambaye ni ko dabarar gwamnan ta fi ta farko sai in ce ta wajen fasinja da ta wajen waya ta fi, ba ko tantama. Ta wajen dakalin kuwa, tsohon kankaren nan mai gishiri yana nan a bayan allon da muka lulluɓa masa, ba a cire shi duka ba, an ɗaure shi ne an sa masa mai gadi, kuma mai gadin waya ce da sai an samu mutum a ofis yana duba abin da take faɗa, a wannan shekarar da ta gaba da bayan gwamnoni uku. In ana dubawa ana shiga ana gyara ɗan abin da ya motsa to zai daɗe, in kuma kuɗin kula ya yanke kamar yadda aka taɓa yi wa jiragen birnin nan a shekarun 1970 to wasu yaran za su sake sauka su yi abin da muka tsallake. Ni dai daga can aka tura ni wani aikin sigina a wani layin, shi ma na dare.