Ina Girmama Shata, Amma Kunnena Yana Wurin Kuntigi

Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki saboda na san yadda take sauka a kunnen mutanenmu: ina ganin girman Alhaji Mamman Shata Katsina matuƙa, amma ba na jin daɗin sauraron kiɗansa. Idan aka sa waƙarsa a mota ko a teburin mai shayi ba na tashi, ba na kuma roƙon a canza, sai dai ba na zama ni kaɗai in nemi muryarsa don in huta da ita. Mutane da dama suna ganin abubuwan nan biyu ba sa haɗuwa a zuciya ɗaya, suna cewa ko dai girmamawar ta fatar baki ce, ko kuma rashin jin daɗin raini ne da aka lulluɓe da ladabi. A wurina kuwa dukansu gaskiya ne, kuma kowanne da tushensa daban.

Tushen girmamawar a fili yake ga duk wanda ya tsaya ya duba. An haifi Shata a Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923, a gidan da ba a gaji kiɗa ba, kuma mahaifinsa bai so ya shiga wannan sana'a ba. Ya yi tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi, daga nan ya shafe fiye da shekara hamsin yana yin ta har zuwa rasuwarsa a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne. Abin kiɗan da ya riƙe shi ne kalangu, wanda Bahaushe ya san shi da mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yan mata, alhali fada tana da kotso da taushi da tambari da kakaki. Shata ya ɗauki kalangun nan ya shiga da shi gaban sarakuna da gwamnoni, ya shiga da shi gidan rediyo, har ya zama sautin da aka fi sanin waƙar Hausa da shi a ciki da wajen Najeriya. Bai kuma zama makaɗin fada ɗaya ba kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi da fadar Sarkin Musulmi. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa attajiri, ya yi wa manomi da direba da soja da mace, kuma duk wanda ya taɓa shi ya san zafin zambonsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da shi shi ne yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take. An san Shata da cewa ba ya zama ya shirya waƙa ya haddace ta kafin ya fito fage. Yakan kafa gindin waƙar ya miƙa wa 'yan amshi, sa'an nan a ɗan tsakanin da ke akwai daga amshi zuwa amshi ya samar da sabon ɗa, wato baitin waƙa, wanda dole ya zauna daidai a kan kiɗa, ya dace da hawa da saukar muryar Hausa wadda kalangu yake bi, ya kuma ɗauki ma'ana da za ta shiga zuciyar wanda ake yi wa. A cikin wannan ɗan lokaci ne zai tuno sunan uban mutum da kakansa da garinsu da sana'arsa, ya lura da wanda ya shigo fili yanzu, ya jefa habaici ga wani da ke gefe, ya dawo kan zaren maganarsa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Duk wanda ya taɓa tashi a gaban jama'a ya yi jawabin minti biyar ba da takarda ba ya san nauyin wannan aiki, balle a ce a yi shi cikin rauji na tsawon dare. Saboda haka ban yi mamaki ba da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, ko da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Yabon gwani ya zama dole, kuma ni ina cikin masu yin sa da zuciya ɗaya.

To, me ya hana ni jin daɗinsa? Na yi wa kaina wannan tambaya da gaske, domin ban yarda mutum ya ce abu bai yi masa ba alhali ya kasa faɗin dalili. Da farko dai sautin kalangu ne. Idan kalangai da yawa suka haɗu suna tafiya da sauri iri ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta, kaifin sautinsu yakan cika mini kai, in rasa wurin da zan ajiye hankalina a kan kalmomin. Sai kuma amshin, wanda a yawancin waƙoƙinsa layi ɗaya ne ake maimaitawa bayan kowane ɗa. Na san amfaninsa sarai, shi ne yake ba jagora numfashi da damar tunani, shi ne kuma ƙofar da 'yan kallo suke shiga waƙar, amma kunnena yakan gaji da shi tun waƙar ba ta yi nisa ba. Akwai kuma jerin sunayen masu kyauta da ke tafe cikin waƙoƙin yabo, mutanen da masu sauraron lokacin suka sani ido da ido, ni kuwa ban san su ba, don haka abin da yake tayar wa wani tsohon da ya san su da tsumi ni sai ya wuce ni.

Kunnena a wani gida daban aka raine shi. Muryar da na tashi da ita ita ce ta Ɗanmaraya Jos, wato Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a watan Yunin 2015. Mutum ɗaya ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba taron makaɗa, yana ba da labarin karen mota da zaman aure da halin talaka a hankali, har ka ji kamar da kai kaɗai yake magana. Bayansa sai gurmin Haruna Uji na Haɗeja. Wanda ya saba da kiɗan tsirkiya, inda akwai sarari tsakanin sauti da sauti, ba abin mamaki ba ne idan taron kalangai ya yi masa yawa. Ban ce Ɗanmaraya ya fi Shata ba, kuma idan aka sa ni in auna faɗin fage da yawan waƙoƙi da ƙarfin ƙirƙira nan take, Shata zan ba. Amma awo aikin hankali ne, shi kuwa jin daɗi yana bin abin da kunne ya saba da shi tun yarinta da abin da rai yake nema idan ya gaji.

Na taɓa faɗa wa wani kawuna wannan magana, mutumin da ya halarci wasan Shata da idonsa tun yana saurayi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kai kaset ka ji, mu kuwa Shata muka gani." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu." Maganarsa ta ƙara mini fahimtar wani ɓangare na al'amarin. Waƙar Shata a fili aka haife ta, a wurin biki ko taro, inda ga wanda ake yabo a zaune, ga abokan hamayyarsa suna ji, ga sanƙira yana ɗaga murya, ga kyauta tana fita a gaban kowa. Maimaicin da yake gajiyar da ni a ɗaki shi ne yake haɗa ɗaruruwan mutane su zama murya ɗaya a fili. Abin da faifai da kaset suka adana mana sauti ne kawai, taron da ya ba sautin rai ya watse. Duk da haka ban ɗauki wannan a matsayin cikakkiyar amsa ba, domin akwai dubban matasa da aka haifa bayan 1999 waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, kuma suna sauraronsa a waya dare da rana suna jin daɗi. Su kunnensu ya karɓa, nawa bai karɓa ba.

Abin da nake ƙi shi ne hanyoyi biyu da na ga mutane suna bi idan suka sami kansu a irin matsayina. Wasu sukan yi ƙaryar so. Za ka ji mutum yana rantsuwa cewa ba shi da mawaƙi sai Shata, alhali bai iya kawo gindin waƙarsa uku ba, yana faɗa ne don kada a ce bai san Hausa ba ko a kira shi ɗan zamani. Wannan ba girmamawa ba ce, domin mai yin ta bai saurari mutumin ba balle ya san abin da ya sa ya yi fice. Wasu kuma sukan mayar da rashin jin daɗinsu hukunci, su ce ai surutu ne da roƙo kawai, an dai kambama shi. Su ma ba su saurara ba, kuma nasu ya fi muni, domin suna rushe aikin shekara hamsin da ɗanɗanon kunnensu na mutum ɗaya. Mutum yana iya duban babbar riga mai aska takwas ya gane wahalar da maɗinki ya sha da ƙwarewar hannunsa, ya yaba masa da gaske, ba tare da yana sha'awar sa ta a jikinsa ba.

Masoya ma suna da nasu alhakin. Idan aka mayar da son wani mawaƙi ma'aunin cikar Bahaushe, to an tilasta wa mutane munafunci, an kuma rufe ƙofar tattaunawa mai amfani a kan aikinsa. Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama mai kunne ɗaya ba. Basakkwace ko Bazamfare da ya tashi da kotson Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, inda 'yan amshi suke karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi tare, yana iya jin salon Shata ya yi masa sauƙi da yawa. Matan da suka yi rawa da ƙwaryar Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, suna da abin da suke ji a amada wanda namiji irina ba zai ji kamarsu ba, ko da ya san darajar abin da ta yi wa mata na faɗin albarkacin bakinsu. Haka nan dattawan da suke jin haushi idan yaro ya ce Shata bai yi masa ba, su ne sau da yawa suke yi wa mawaƙan situdiyo na yau kuɗin goro, su ce duk nanaye ne, ba tare da sun zauna sun ji ko akwai mai azanci a cikinsu ba. Adalcin da suke nema wa gwaninsu shi ne ya kamata su yi wa gwanin 'ya'yansu.

Girmamawar da ba ta tare da so tana da aiki a kanta, mai yiwuwa ma fiye da ta masoyi, tunda shi masoyi daɗi ne yake jan sa. Ni sai na sa kaina na zauna na saurari Shata da niyya, ina bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ina tsayar da waƙar in koma baya. A haka ne na ga tarin tsohuwar Hausa da sunayen garuruwa da sana'o'i da tarihin mutanen Arewa na wajen rabin ƙarni, tun daga zamanin En'e har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da abin da ya biyo baya. Wannan taska ce ta kowane mai jin Hausa, har da wanda kalangu yake sa wa ciwon kai.

Shi ya sa yake damuna idan na ga yadda waƙoƙinsa suke yawo a wayoyi da intanet a yanke, ba shekarar da aka yi su, ba wurin da aka ɗauka, ba sunayen makaɗa da 'yan amshin da suka tsaya a bayansa, wani lokaci ma da sunan waƙar a karkace. Ina so in ga gidajen rediyon da suka ɗauki muryarsa, irin na Kaduna da na Kano, da sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu, sun haɗa hannu da iyalansa an tattara abin da ya rage a faifai da kaset, an mayar da shi na'ura mai ɗorewa, an rubuta kalmomin tare da bayanin mutanen da aka ambata tun masu iya gane su suna raye. Idan aka kafa asusun wannan aiki zan sa abin da Allah ya hore mini, zan kuma nemi a yi wa Ɗanmaraya da Haruna Uji da Barmani irinsa.