Talata, ranar tiyata: idon da ya ƙi buɗewa

Mutum 11 muka yi wa aikin yanar ido yau, amma na bakwai ne har yanzu yake cikin raina. Dattijo ne manomi, ɗansa ya jawo shi da sanda. Tun safe Sista ta ɗiga masa tropicamide da phenylephrine, magungunan buɗe ido kafin aiki, har sau uku, 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin idonsa ta kafe a milimita 4. Ni kuwa 7 nake so ko fiye, domin ta nan yanar za ta fito. Kamar a ce ka zaro mangwaro ta bakin kwalba.

Na duba kati: ba ciwon sukari, ba ya ɗiga pilocarpine mai tsuke ƙofar, baƙin idon bai manne da madubin da ke bayansa ba. Na ce, "Baba, kuna shan wani magani?" Ya ce, "A'a, Likita, lafiyata lau." Sai ɗan ya ja ni gefe, ya zaro ƙullin leda daga aljihu. Tamsulosin ne, na wahalar fitsari, shekara biyu yana sha. Kunya ta hana Baba faɗa a gaban mata.

Gabana ya faɗi. Tun 2005 likitoci biyu a Amurka, Chang da Campbell, suka bayyana abin da maganin nan ke yi: yana raunana tsokar da ke buɗe ƙofar, baƙin ido ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, yana kaɗawa, yana bin ruwa ya leƙo ta wurin yanka, ƙofar kuma ta yi ta tsukewa ana tsakiyar aiki. Ko an daina sha ba lallai ya koma daidai ba. Da ban ga ledar nan ba, da na ja bakin ƙofar da ƙarfe biyu don ta buɗe, kuma a irin wannan ido ja ƙara ɓata lamari yake.

Na zuba adrenaline da aka sirka a cikin idon, ƙofar ta ɗan motsa. Na cika idon da ruwa mai yauƙi da muke sawa don ya danne baƙin ido, ya ba mu wurin aiki. Zoben Malyugin, wanda ake sawa ya riƙe ƙofar a buɗe, ba mu da shi, ya fi ƙarfin aljihun majinyatanmu, sai na ce a buɗe 'yan ƙugiyoyin da muke tattali. Huɗu na saƙala, ɗaya bayan ɗaya, ina ja a hankali har ƙofar ta zama mai kusurwa huɗu. Baba na ta salati ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin mayafi. Na ce, "Baba, ku daure, kada ku motsa." Yanar ta fito jawur kamar goro, jakarta ba ta yage ba, na zaunar da madubin roba. Aikin minti 15 ya ci 40.

Bayan la'asar na roƙi Sista a ƙara layi a katinmu kan maganin fitsari, kuma namiji ya riƙa tambayar dattawa a keɓe. Gobe da ƙarfe takwas zan cire masa bandeji da hannuna.