Wasiƙa daga Faransa: ɗakin da mota ke ja, da abin da kafintocin Maraɗi za su ɗauka a cikinsa

Zuwa ga ƴan uwa da abokan arziki na Maraɗi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu, ina gaida manya da yara, da fatan kowa na cikin ƙoshin lafiya. Gaisuwa ta musamman ga masu sana'ar hannu, kafintoci da masu walda da masu ɗinkin kujeru, domin wannan takarda tasu ce kafin ta zama ta kowa.

A nan Faransa inda Allah ya ajiye abincina, ina aiki a garejin gyaran karaban, wato ɗakunan nan masu taya da ake maƙala wa mota a baya, iyali su ja su tafi hutu da su. Aikina ya sa ina kwance su ina mayarwa, ina shiga ƙarƙashin gado da bayan kabad, wuraren da ko masu su ba su taɓa leƙawa ba. Ba wai ina son wani ya sayo ya kai gida ba ne, zan ma faɗi dalilin da ya sa ban ba da wannan shawara ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka tsara cikinsa, domin matsalar da masu ƙera shi suka warware ita ce ke damun dubban gidaje a garinmu: mutane da yawa, kaya da yawa, ɗaki ɗaya.

Abin ya daɗe a nan. A 1931 wani Bajamushe mai suna Arist Dethleffs ya ƙera irinsa a garin Isny don iyalinsa su riƙa bin sa idan ya fita yawon kasuwanci, kuma har yau akwai kamfani mai sunansa. A 1936 Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashi, daga nan al'adar fita hutu ta shiga gidan talaka. Yanzu duk ƙarshen watan Agusta ana babban bajekolinsu a Düsseldorf ta Jamus, inda kamfanoni irin su Hobby da Fendt da Knaus da Adria ke nuna sababbi. Shekaru sama da casa'in ke nan ana ta gyara tsarin, ana rage nan ana ƙara can.

Babban karaban, irin mai taya huɗu, jikinsa kan kai mita 7, ban da ƙarfen gaba da ake maƙala wa mota. Faɗinsa mita 2.30 ko 2.50, don dokar hanya ba ta yarda a wuce 2.55 ba. In an cire kaurin bango, filin da ya rage a ciki bai fi murabba'in mita 15 ko 16 ba. Ku auna da kanku: ɗaki ne na mita 4 da 4, irin wanda ango ke kamawa haya a Zariya ko Ali Ɗan Sofo. To a cikin wannan ɗan wuri aka sa gadon miji da mata, gadajen yara biyu ko uku, wurin zaman mutum biyar, madafa, firigo, makewayi da wurin wanka, da kabad ɗin rataye tufafi. Kuma a miƙe ake tafiya, don tsayin ciki ya kusa mita 2.

Tsarin da iyalai suka fi saye ga yadda yake. Ƙofa a gefe take. Kana shiga, madafa da wurin zama ne a tsakiya suna fuskantar juna, da siririyar hanya tsakaninsu. Ta gaba ɗakin maigida da uwargida, da ƙofa mai zamewa cikin bango ko labule mai kauri. Ta baya gadajen yara, ɗaya bisa ɗaya, makewayi na kusa da su. Ƙofa mai zamewa ba ta cin fili wajen buɗewa, kuma kusan duk gefen katako an zagaye shi, don a wuri matsattse kusurwa mai kaifi ita ke yankar gwiwar yaro.

Gadajen yaran nan su suka fi ɗaukar hankalina. Addininmu ya ce a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, kuma na san magidanta da yawa da wannan abu ke ci musu rai, ɗaki ɗaya gare su, ba halin ƙari. A karaban, filin gado ɗaya na ɗaukar yara biyu ko uku, kowa da katifarsa, da ɗan labulensa, da fitilarsa, da aljihun bango inda zai sa littafinsa. Faɗin kowane bai fi santimita 70 ba. Na sama yana da katanga a baki don kada yaro ya mirgino, da tsani da aka ɗaure ƙam. Babu abin da ke cikin wannan aiki da mai walda na Maraɗi ba zai iya ba da ƙarfen bututu da katako.

Gadon manya iri biyu ne aka fi yi. Akwai wanda ke manne da bango, faɗinsa wajen santimita 140, an ɗan yanke kusurwarsa ɗaya don a samu hanyar wucewa. Akwai na tsakiya, wanda ake zagayawa ta gefe biyu. Masu shekaru sun fi son na tsakiya, don mutum kan tashi da dare ba tare da ya tsallake matarsa ba, kuma suna da gaskiya. Amma yana cin fili ƙwarai. In da yara a gida, ni na bango nake zaɓa.

Wurin zama kuwa aiki uku yake yi. Da rana benci ne mai siffar kofaton doki da tebur a tsakiya. Da dare a sauke tebur, ƙafarsa na lanƙwasa har ya yi daidai da benci, a jera matasan jingina a kai, ya koma gadon mutum biyu. In ka ɗaga mazaunin kuma, akwati ne a ƙasa. Baƙo ya zo, ga wurin kwanansa, ba a ta da kowa ba.

Maganar ajiya ita ce zuciyar abin. Gadon manya a kan siraran katakai yake, da tazara tsakaninsu don katifa ta sha iska. Ka kama bakinsa da hannu ɗaya ka ɗaga, sai wasu sanduna biyu masu iska a ciki, irin na murfin bayan mota, su ɗauke nauyin su riƙe shi a sama. Ƙarƙashinsa rumbu ne guda: barguna, kujerun waje, akwatuna, duk suna shiga. An kuma huda ƙaramar ƙofa ta waje, don a zaro kayan da suka yi ƙura ba tare da an ratsa da su ta ɗaki ba. Mu kuwa gadon amarya kan cinye rabin ɗaki, ƙarƙashinsa a toshe ko a bar wa ƙura da takalma, sannan a kawo ƙaton kabad ya cinye sauran. Iyaye sun kashe dukiya don su fitar da ƴarsu kunya, Allah ya saka musu, amma yarinya ta tare ba ta da inda za ta shimfiɗa dardumar salla sai ta ja kujera. Wannan yana ba ni takaici, domin kuɗin da aka kashe ya isa a yi abin da ya fi.

Sai sama. Duk kewayen bangon karaban, daga daidai kan mutum zuwa rufi, ƙananan kabad ne a jere, murfinsu na buɗewa sama ya tsaya da kansa. Zurfinsu bai kai kamu ɗaya ba, don kada kai ya bugu kuma kada kaya su ɓace a can ciki. A ɗakunanmu wannan wuri a banza yake, sai agogo da kalanda. Kowane murfi na da maɓalli da ake dannawa ya kulle, kowane kanta na da ɗan leɓe a baki, saboda abin zai yi ta girgiza a hanya. Ɗakinmu ba ya tafiya, amma leɓen nan zai hana kwano faɗowa, maɓallin kuma zai hana ɓera da hannun yaro.

Duk da wannan yalwar wurin ajiya, ba a cika shi yadda aka ga dama. Babban karaban da kayansa kan yi kilo 1,800 zuwa sama da 2,000, amma abin da aka yarda ka ƙara a kan nauyinsa na asali sau da yawa bai fi kilo 200 ko 300 ba. Buhun shinkafa mai kilo 50, ruwa lita 40 wanda shi ma kilo 40 ne, tulun gaz biyu, rumfa da sandunanta, ka ga an cinye rabi ba a sa ko riga ba. Kuma inda aka sa kayan ya fi yawansu muhimmanci. Masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi. Marasa nauyi, tufafi da tawul, a sama. Kamar mangalar jaki ce, in gefe ɗaya ya rinjaya tafiya ta lalace. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya kamata ya tsaya wajen kilo 75 zuwa 100, gwargwadon motar. In aka loda baya har gaba ya yi sakayau, da an ɗan yi gudu ko babbar mota ta wuce, sai karaban ya fara lilo hagu da dama har ya ja motar ya kayar. Na ga irin waɗanda aka kawo mana bayan haka, bango a tsage, kabad a zube. Shi ya sa doka ta hana kowa zama a ciki ana tafiya, kuma in nauyin mota da karaban ya wuce kilo 3,500 permi na kullum bai isa ba, sai an ƙara horo, in ya wuce 4,250 kuma sai an ci wata jarrabawar.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowace uwargida ta ji. Tulun gaz ba ya kwana tare da mutane a karaban. Akwatinsa dabam yake a gaba, ta waje ake buɗe shi, kuma an huda ƙasansa, don gaz ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi ya fice. Yanzu da gaz ya shiga gidaje da yawa a Maraɗi, sau nawa ake ajiye tulu a ɗakin da yara ke barci, ƙofa da taga a rufe? Ɗan keji na ƙarfe a waje, a inuwa, mai kwaɗo da wurin shan iska, aikin wuni ɗaya ne ga mai walda.

Game da jin daɗin zama, gaskiya an yi shi ne don jikin Bature da yanayinsa. Madafar na da murhu uku a matse, tukunyar gidan mutum goma ba ta zama a kai, kuma in za a tuƙa tuwo sai an tabbata an sauke ƙafafun ƙarfe huɗu na kusurwa, in ba haka ba duk ɗakin ke rawa. Makewayin yana zuba ne cikin wani akwatin roba da bai kai lita 20 ba, ana zaro shi ta waje a kai wurin zubarwa. Ga mai amfani da buta, nan da nan yake cika. Tankin ruwa lita 40 ko 50 ne, in aka haɗa alwala biyar ta mutum biyar da wanke-wanke ba ya wuni. Hanyar tsakiya na ɗaukar mai salla ɗaya in alƙibla ta dace, amma jam'i sai a rumfar da ake kafawa a gefen ƙofa. Rumfar nan kan kusa ninka filin zama, kuma ga Bahaushe ita ce za ta zama zaure, a tari baƙo a can iyali na ciki a suturce.

Sanyi sun gama da shi. Bangon bai fi santimita 3 ba, amma soso mai tauri ne a tsakiya, alminiyom ko roba a waje, siririn katako a ciki, ga na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gaz. Tagogi ninki biyu ne, kowace da ragar sauro da labulen tare rana a cikin firam ɗinta, ka ja wannan daga sama, wancan daga ƙasa. Wannan tagar ma abin koyi ce a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk damina. Zafi ne ba su iya masa ba. Ko a kudancin Faransa, in aka ajiye shi a rana cikin watan Yuli, ba ya shiguwa da azahar. Firigonsa, mai aiki da gaz ko lantarki ko batirin mota, yana raunana da zarar zafi ya haura digiri 30 da ɗoriya. To ina ga Afrilu da Mayu a Maraɗi, da ake wuce 40? Ga shi cikinsa kusa da ƙasa, ƙananan tayoyi, ba zai jure yashin hanyoyin ƙauye ba. Rana za ta busar da robar da ta toshe mahaɗan bango, damina ta zo ruwa ya shiga, kuma ruwan da ya ɓuya cikin bango shi ne babban ajalin karaban, mafi yawan aikinmu a gareji shi ne. Sabo babba kan kai Yuro dubu 30 zuwa sama, kusan miliyan 20 na sefa. Mai wannan kuɗi gara ya yi gini.

Abin da za a ɗauka tsarin ne. Ina tuna ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke haɗuwa su huɗu ko biyar a ɗaki, da masu shagon da ke kwana cikin shagonsu, da amaren da za su tare bana. Malam kafinta, idan uban amarya ya zo yin odar gado, ka roƙe shi ya bari ka je ka auna ɗakin tukuna, ka ga inda ƙofa take da inda taga take. Ka nuna masa gado mai ɗagawa, da benci mai akwati, da kabad na sama maimakon mai tsayawa a ƙasa. In sandunan iska sun yi tsada, ana samun na tsofaffin motoci wurin masu sayar da kayan gyara, in ba su samu ba sandar katako mai tokarewa ta wadatar, a dai yi mata wurin zama mai kyau don kada ta zame ta danne hannun yaro. Ka bar tazarar yatsu biyu tsakanin katakan ƙarƙashin katifa, ka huda ƴan ramuka a jikin akwatin don kaya su sha iska lokacin damina.

Ku isar mini da gaisuwa ga mutanen Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a sana'ar kowa.

Wassalam,
Ɗan uwanku da ke Faransa