Abin da Ke Zaune a Saiwar Wake da Gyaɗa

Duk manomin da ya taɓa tuge wake ko gyaɗa a ƙasar Kano ya ga 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke manne a jikin saiwa, kuma na sha jin ana cewa alamar cuta ce. A gaskiya gida ne na wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da masana ke kira Rhizobium, waɗanda ke shiga saiwar tun shuka tana ƙarama. Shukar tana ciyar da su da sukarin da ganyenta ya haɗa, su kuma suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar mata da shi abinci. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wato sinadarin da muke zuba kuɗi domin samunsa a buhun yuriya.

Gane ko suna aiki ba shi da wuya. Idan wake ya fara fure, a tono tushe ɗaya a hankali, a wanke saiwar, a fasa ƙulli guda da farce. In cikinsa ya yi jaja-jaja, to aiki na tafiya, in kuwa fari ne ko kore, babu abin da shukar ke samu. Ƙullin kirki yana ɓallewa daga gefen saiwa cikin sauƙi, saɓanin kumburin da tsutsar ƙasa ke haddasawa, inda saiwar ce da kanta ta kumbura.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke antaya wa wake yuriya, alhali shukar da ta ƙoshi da takin buhu takan rage yin ƙulle-ƙullen, sai manomi ya biya kuɗin abin da Allah ya ba shi kyauta. Takin supa, mai ɗauke da sinadarin fosfaras, shi ne ya fi dacewa da wake da gyaɗa, domin ƙwayoyin ba sa yin aiki sosai a ƙasar da ta rasa fosfaras.

Waken suya, wanda ake nomawa a wajen Tudun Wada da Doguwa, lamarinsa daban ne, saboda sau da yawa ƙasarmu ba ta da isassun ƙwayoyin da suka dace da shi. Shi ya sa cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da garin NoduMax mai ɗauke da waɗannan ƙwayoyin, wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Ƙasar Brazil ta daɗe tana noman waken suya ta wannan hanya ba tare da dogaro da yuriya ba. Sai dai ƙwayoyin masu rai ne kuma zafi na kashe su, don haka a ajiye garin a wuri mai sanyi, a cuɗa irin a inuwa, a shuka shi a ranar.