Kafin a taɓa tambaya a binciken gidaje

Duk adadin da muke ji a rediyo kan talauci, ko rashin aikin yi, ko yawan matan da ke haihuwa a asibiti, asalinsa tambaya ce da wani ya yi wa wani a zaure ko a tsakar gida. Ba kowa ake tambaya ba. Gidaje ake zaɓa daga kowace jiha, ma'aikata su je su zauna da mutanen gidan, da abin da suka faɗa ake auna halin ƙasa baki ɗaya. Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta, don haka nauyin da ya hau kan waɗannan bincike ya wuce yadda ake zato. Akwai na lafiya da haihuwa, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa kusan duk bayan shekara biyar. Akwai wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fara a 2010 da tallafin Bankin Duniya, mai bin gidaje kusan 5,000, a je musu bayan shuka, a sake komawa bayan girbi.

Rabona a wannan harka ƙarami ne. Idan sabon zagaye ya gabato, ina cikin waɗanda ake baje wa tsohuwar takardar tambayoyi mu bi ta layi-layi: wacce za a bari, wacce za a gyara, wacce zamaninta ya wuce. Daga nan mu ɗauki daftarin mu shiga unguwannin Zariya da ƙauyukan gefenta mu gwada shi, kafin a loda shi a kwamfutocin hannu a raba wa ma'aikata. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tun a shekarun 1960 masu bincike daga cibiyar binciken noma ta Samaru suke bin gidajen manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta abin da aka noma da abin da aka kashe.

Abu mafi sauƙin gani shi ne takarda tana tsufa da wuri. Za ka tarar ana tambayar ko gidan na da rakoda da bidiyo, amma babu gurbin sola. Akwai layin kananzir, alhali a birni matan da suka ajiye risho suka koma gas ko gawayi sun yi yawa. Akwai kuɗin kati, babu kuɗin data, babu ladan mai POS, wanda tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya zama abin kashewa na yau da kullum. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na wannan shekarar, kuɗin acaɓa da na adaidaita ya cinye wani kaso na cefane da bai taɓa ci ba. Wannan gyara ba ya jawo gardama. Kowa ya gani ya yarda.

Inda aiki yake shi ne tambayoyin da suke kamar ba su da matsala. Ɗauki ta farko, wadda komai ke rataye a kanta: su wane ne mutanen gida ɗaya? Ƙa'idar da ake bi ita ce waɗanda ke kwana a wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. To, shiga wani babban gida a cikin ganuwa, can wajen Kwarbai. Zaure ɗaya ne, amma sassa huɗu ko biyar. Tsoho yana da rai, 'ya'yansa maza sun yi aure suna ciki. Da damina gandu ake yi, hatsin rumbu ɗaya ake ɗiba a yi tuwon dare, amma karin kumallo da abincin rana kowane sashe da nasa. Mai mata biyu, kowacce da ranar girkinta. Ga almajiri da ke wanke-wanke yana da kwanonsa a gidan, kwana kuma a makaranta. Ga ɗa yana karatu a harabar jami'a da ke Kongo, nan Zariya, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Idan takarda ba ta faɗi ƙarara yadda za a yi da kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba, ma'aikaci ɗaya zai rubuta gida ɗaya mai mutum talatin, wani ya rubuta gidaje biyar. Tunda kuwa ana raba abin da gida ya kashe ne a kan yawan mutanensa, wannan saɓanin kaɗai ya isa ya tura iyali ƙasa da layin talauci ko ya ɗaga su sama.

Sai maganar aikin mata. Wata rana a Tudun Jukun ina tsaye daga zaure, abokiyar aikina ta shiga ciki. Da ta fito take ba ni labari. Ta tarar da dattijuwa a bakin murhu tana tuyar ƙuli-ƙuli, ga kwalaben man gyaɗa an jera a inuwa, ga yarinya da faranti tana jiran a cika mata ta fita talla. Ta karanta tambayar yadda aka rubuta ta.

"Inna, a makon da ya wuce kin yi wani aiki?"

"A'a, 'yar nan, ni ina na ga aiki? Muna dai zaune."

Ba ɓoyewa ta yi ba. A wurinta mai aiki shi ne mai zuwa ofis ya karɓi albashi. Gyaran da ya yi amfani shi ne a daina jefa tambaya ɗaya a wuce, a bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya: kina sayar da wani abu daga gida, kina kitso ko ɗinki ko saƙa, kina kiwo, kina surfe ko casa a biya ki, kina zubin adashi, da me kike zubawa. Da aka bi ta haka sai ga jari, ga riba, ga ranakun kasuwa. Haka batun abinci. Maigida shi ke cefane, ya san farashi, amma uwargida ce ta san gwangwani nawa na shinkafa ya shiga tukunya. Shi kuma abin da ya ci a teburin mai shayi ko wurin mai ƙosai, ita ba ta sani ba. Ba tambayar kaɗai ake gyarawa ba, har da wanda ya kamata a yi wa ita, da kuma wanda zai iya shiga ya yi ta. Tawagar da ba mace a cikinta, a Zariya rabin gida kawai za ta gani.

Darasin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne wannan: idan ka canza tambaya, adadi zai canza, ko da rayuwar mutane ba ta motsa ba.

Misalinsa kowa ya ji shi. NBS ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. Da ta fitar da sabon rahoto a 2023, sai aka ji kashi 4.1. A majalisun Sabon Gari da Samaru mutane sun fusata, kuma ina ganin fushinsu na da tushe, domin ba wanda ya ga ayyuka sun ƙaru a unguwarsu. Abin da ya faru shi ne ma'auni aka sauya. A da, duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi ko da awa ɗaya a cikin kwana bakwai don samun lada ko riba, mai aiki ne. Sabon ma'aunin yana da hujjarsa. Da shi ake iya gwada mu da sauran ƙasashe, kuma ya fito da abin da ya fi damunmu, cewa sama da kashi 90 na masu aiki suna buga-buga ne da ƙananan sana'o'i marasa rajista. Amma wanda ya auna hatsinsa bara da mudu, bana da tiya, ba zai ce amfanin gona ya ragu ba don ya ƙirga kwano kaɗan. Adadin 2020 da na 2023 ba a jera su a layi ɗaya.

Haka ta faru da talauci. Binciken 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 na 'yan ƙasa suna ƙasa da layin naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, ban da jihar Borno. Sai dai ba a iya gwada shi kai tsaye da na 2009 zuwa 2010, domin yadda aka tattara bayanin abinci ya bambanta: a na baya ana bin gida ana rubuta abin da aka ci kwana bayan kwana, a na biyun ana tambayar abin da aka ci a kwana bakwai da suka wuce. Kusan shekara goma ke nan da ba za mu iya cewa da tabbaci ga yadda talauci ya tafi a cikinsu ba. Wannan asara ce babba, kuma ba ta gyaruwa daga baya.

Shi ya sa a duk zaman gyara nake nacewa a kan abu ɗaya. Idan za a sauya tambaya mai muhimmanci, a bar tsohuwar ga wani ɓangare na gidajen a wannan zagayen, a yi sabuwar ga sauran, don a san nawa ne bambancin tambaya, nawa ne bambancin rayuwa. Kuma ranar fitar da sakamako a faɗi sauyin tun a jimlar farko, da Hausa, a gidajen rediyo, kada a bar shi a shafi na arba'in na rahoton Turanci. Yana da tsada, na sani. Amma rashin yarda ya fi shi tsada, kuma ma'aikacin da zai koma ƙofar gidan mutane a zagaye na gaba shi yake biya.

Akwai kuma batun tsawo, wanda ba a cika son magana a kansa ba. Ƙara tambaya abu ne mai daɗi. Kowace ma'aikata da kowane mai ba da tallafi yana da tasa, kuma kowacce idan ka dube ta ita kaɗai, tana da amfani. Cirewa ce ba mai so. Amma na zauna da manomi a wajen Shika ana tsakiyar noma, an kira azahar an kira la'asar muna kan tabarma ɗaya. Mutane ba wawaye ba ne. Da zarar mutum ya lura cewa duk lokacin da ya ce "e" wasu tambayoyi goma ke biyo baya, sai ya koma "a'a". Ba ka da awaki? A'a. Ba wanda ya yi ciwo a watan nan? Babu. A kwamfuta amsar tsaf take, ba wanda zai gane gajiya ce ta yi magana. Don haka duk tambayar da aka kawo ina neman sanin wa ya yi amfani da amsarta a zagayen baya, da wace shawara aka yanke da ita. Wadda ba ta da mai ita, a sauke ta.

Awo ma haka. Ba wanda ke sayen masara da kilo a kasuwar Giwa. Mudu ne, tiya ce, buhu ne, dami ne, tumatir kuwa kashi-kashi ko kwando. Mudun wani gari ba na wani ba ne, buhu ma akwai babba akwai ƙarami. Dole takarda ta karɓi awon da mutum ya sani, ma'aikaci ya nuna masa hotuna ya zaɓi girman da yake nufi, sannan wata tawaga ta shiga kasuwa da sikeli ta auna kowanne.

A gwajin da muka yi na baya-bayan nan, da muka je gaida wani mai unguwa don neman izinin shiga gidaje, ya saurare mu har muka gama, sannan ya tambayi abin da ya fito daga binciken da aka zo aka yi musu a baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, an buga rahoton, yana intanet." Ya ce su dai ba wanda ya dawo ya faɗa musu. Ya haɗa mu da ɗan rakiya, muka yi aikinmu. A rahoton da na miƙa bayan gwajin, ban da gyare-gyaren tambayoyi, na nemi a ware kuɗin buga taƙaitaccen sakamako a shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, wanda kowace tawaga za ta miƙa wa mai unguwa ranar da ta isa.