Yadda na ɗaga bayan motata Hilux da bulon ƙarfe a gida

Hanyar gonarmu tana ratsa wani kwazazzabo da ruwa ke ƙara yashewa duk damina. Idan na gangara ciki da Hilux ɗina, gaba sai ya haye lafiya, amma bamban baya sai ya kartsi ƙasa. Ga kuma tayoyin da na sa mata, sun ɗan fi na asali girma, da an loda buhunan taki sai ka ji suna gugar bodi. Shi ya sa na yanke shawarar ƙara wa bayanta tsayi da inci 2, wato kusan santimita 5, ta hanya mafi sauƙin kuɗi: a sa bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksil.

Kafin in sayi komai, sai da na kwanta a ƙarƙashin motar na duba yadda sifirin yake zaune. Wannan dubawar ita ce farkon aikin. Bulo yana ɗaga mota ne kawai idan sifirin yana bisa aksil, kamar yadda yake a tawa mai ja da ƙafa huɗu. Idan sifirin yana ƙarƙashin aksil ne, kamar na akori-kurar Land Cruiser, bulo ƙasa zai yi da motar. Na kuma auna tsayi daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, dama da hagu, na rubuta a jikin kwali.

A Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na haɗa kayan: bulo biyu, sabbin yu-bol huɗu (lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil) da notinansu da wasa. Na auna faɗi da kaurin tsofaffin yu-bol ɗin, na ƙara inci 2 a kan tsawonsu. Ko da tsofaffin za su kai, ba a maida su, domin yu-bol yana ɗan miƙewa idan aka ɗaure shi tamau, zaren jikinsa kuma ya riga ya ci wuya. Su kaɗai ne ke riƙe da aksil a jikin mota, ba wurin tsimi ba ne. Bulon da na zaɓa ƙarfe ne guda, yana da rami a sama inda kan santa-bol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗe fallayen sifirin, zai shiga, da ɗan tsini a ƙasa da zai faɗa ramin mazaunin da ke kan aksil. Wani ya ba ni shawarar in je wajen mai walda ya yanka min bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya huda, wai duk ɗaya ne. Ban yarda ba. Abu mai rami a ciki yana iya lotsewa ƙarƙashin kaya, da ya lotse kuwa yu-bol sun saki.

Tun da dare na jiƙa notinan da man kwance tsatsa, don suna ƙasa ne, inda laka da ruwa ke taruwa. Da safe ni da ƙanina muka tsayar da motar a kan daɓen siminti, muka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba. Hambirki ba ya tsare komai a wannan aikin, tunda ƙafar baya yake kamawa, ita kuma za ta bar ƙasa. Muka ɗaga motar, muka tokare shasi da matokaran ƙarfe biyu, jak kuma ya koma ƙarƙashin aksil. Ina roƙon duk wanda zai yi wannan aiki kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ya tokare ta da bulon siminti, wanda yake fashewa ba tare da sanarwa ba.

Muka cire tayoyi, muka kwance shokozoba ta ƙasa. Gefe ɗaya-ɗaya ake yi. Na sassauta notinan hagu ba tare da na cire su ba, sannan na kwance na dama gaba ɗaya. Ta haka aksil yana samun damar sauka amma ba ya gocewa daga wurinsa. Ƙanina yana sauke jak a hankali, ni kuma idona na kan tiyon birki, wancan na roba da ya sauko daga shasi zuwa aksil. Da na ga ya fara miƙewa sai na ce ya tsaya, na kwance ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi da na igiyar hambirki, sannan muka ci gaba har gibin ya isa bulo ya shiga.

Na goge mazaunin da burushin ƙarfe har ya yi fes, don ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta hana bulo zama daidai. Bulon nawa gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri, sai na juya siririn gefen ya kalli gaban mota, yadda bakin aksil zai ɗan ɗago ya fuskanci farfela. Tsinin ƙasa ya faɗa raminsa ba gardama. Na sama ne ya ba mu aiki. Da muka ɗaga jak, kan santa-bol ya sauka a gefen ramin, saura kamar faɗin farce ya shiga.

"Yaya, mu ɗaure haka mana, ai noti zai jawo shi," in ji ƙanina.

Na ce a'a. Noti ba ya jawo shi, sai dai ya danne shi a inda yake, motar ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya, wata rana kuma santa-bol ɗin ya karye. Muka sauke jak kaɗan, muka ɗaura igiyar ɗaure kaya mai maƙulli daga aksil zuwa shasi, muka ja a hankali. Sai muka ji "ƙas", fallen sifirin ya kwanta a kan bulo ba ko sarari. Na haska fitila na zagaya shi da ido kafin na sa yu-bol.

Notinan na fara ɗaura su da hannu, sannan da sifana a gicciye, kaɗan-kaɗan, yadda zaren da ya leƙo a ƙasan kowanne zai zo daidai da na ɗan'uwansa. Ɗaurin ƙarshe sai da mota ta sauka a kan ƙafafunta, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri da na aro, bisa adadin da takardar yu-bol ɗin ta nuna.

Akwai abin da da yawa ba sa kula da shi a irin waɗannan tsofaffin Hilux. A jikin shasi ta baya akwai wani bawul na birki, da siririn ƙarfe da ya taho daga gare shi zuwa aksil. Aikinsa auna nauyin kaya: idan mota ta zauna saboda lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ta ɗago sai ya rage. To da ka sa bulo, bawul ɗin zai ɗauka motar ba kaya ko da ta sha lodi, birkin baya ya yi sanyi a lokacin da aka fi bukatarsa. Na sa aka yanko min ɗan falankin ƙarfe mai kauri, na ɗaga mahaɗin da ke kan aksil da inci 2 daidai da bulon. Sabbin motoci masu ABS, wato na'urar hana taya ƙamewa idan an taka birki, galibi ba su da wannan bawul, amma suna da wayar da ke zuwa kowace ƙafa, ita ma sai an tabbatar ba ta ɗaure ba. Shokozoba kuwa na canza su da masu ɗan tsayi, don tsofaffin sun kusa ƙure miƙewarsu tun mota na tsaye. Fitilun gaba ma sun sunkuya tunda baya ya ɗago, na gyara saitinsu a jikin bango da dare.

Bamba ya daina kartar ƙasa, taya ta daina gugar bodi. Amma ƙoƙon da ke tsakiyar aksil yana nan inda yake, tazararsa da ƙasa ba ta ƙaru da komai ba, don wannan girman taya ne kaɗai ke canza shi. A cikin yashi kuma, idan na taka totur da ƙarfi, ina jin ƙafar baya tana ɗan tsalle. Bulo ya nisanta aksil daga sifirin, don haka aksil ya sami damar murɗa shi fiye da da. Wannan ne ya sa ban wuce inci 2 ba, ba kuma zan taɓa ɗora bulo kan bulo ba, ko in sa shi a ƙafar gaba inda sitiyari yake. A kwana da kaya ma yanzu ina rage gudu, tunda nauyin ya ƙara hawa sama.

Bayan 'yan tafiye-tafiye na farko na koma ƙarƙashinta da sifana, kowane noti ya karɓi ƙarin ɗauri, don sabon yu-bol da bulo sai sun zauna. Ina sake duba su duk lokacin juyen mai. Sifirin ɗin kansa kuwa ya gaji kamar yadda yake tun kafin aikin, idan aka loda masara yana miƙewa ya kusa kwanciya, bulo bai ƙara masa ƙarfin ɗaukar ko buhu ɗaya ba. Kafin kaka zan sa sabbin sifirin, in sake auna tsayin daga tsakiyar taya, sannan in ga ko bulon zai zauna ko zan cire shi.