Idan ungozoma ta kasa cewa namiji ne ko mace

A ɗakin haihuwa tambaya ɗaya ce ke jiranmu a bakin ƙofa: "Sista, me aka samu?" Galibi amsar kalma ɗaya ce. Amma a shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, an yi lokutan da na duba jariri na sake dubawa, na kira likita shi ma ya duba, duk muka yi shiru. Irin waɗannan yaran ne ake kira mata-maza. Sai a ɓoye su a ƙuryar ɗaki, a ce aljanu ne ko sammu, ko a ɗora wa uwar laifi. Ɓoyon nan ne ke damuna, domin wani lokaci rai yake ci.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana ɗauke da kuromosom 46, wato 'yan zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga ciki su ne na jinsi: mace XX, namiji XY. Ƙwan uwa X kaɗai yake bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Don haka maigidan da ke fushi da matarsa wai 'ya'ya mata kawai take haifa, ya sani daga wajensa abin ya fito, kuma shi ma ba zaɓinsa ba ne, ikon Allah ne.

Har wajen mako na shida na ciki, ɗan tayi namiji da mace kamanninsu ɗaya. A kan Y akwai wani ɗan yanki da masana suka gano a 1990, suka sa masa suna SRY. Shi ne kamar makunnin wuta: idan ya kunnu, 'ya'yan maraina su fara samuwa, su riƙa fitar da sinadarai biyu. Ɗaya yana hana mahaifa tsirowa, ɗayan kuma, wato testostiron, yana gina hanyoyin namiji. Akwai kuma wani sinadari da ke mayar da testostiron zuwa nau'i mai ƙarfi, shi ke siffanta gaban namiji daga waje. Kafin a kai wata uku an gama wannan aikin. Matakai ne a jere, kuma kowanne yana iya samun tangarɗa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na halittar nan da ke zaune a kan ƙoda, wadda likitoci ke kira adirenal. Idan aka haifi yaro da tawayarta, ba ta iya yin sinadarin da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, sai ta riƙa zubo sinadarin maza fiye da kima. Jaririya mace, mai XX da mahaifarta lafiya lau, sai ta fito da gaba mai kama da na namiji.

Na taɓa ganin haka ido da ido. Wata dattijuwa ta shigo da jikanta a goye, kwana kaɗan bayan suna. An yanka rago, an raɗa masa sunan kakansa. Ya ƙi mama, sai amai, maɗiga ta faɗa, leɓe ya bushe, kukan ma da ƙyar yake fita. Da na kwance zanin na lalaba, babu 'ya'yan maraina ko ɗaya. Na ce, "Hajiya, tun ranar haihuwa haka yake?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yata, mun gani, kunya ce ta hana mu faɗa." Gwajin jini ya nuna gishirin jikin ya yi ƙasa sosai, hoton ciki kuma ya nuna mahaifa. Mace ce. Ruwan da aka ɗaura mata da allurar haidirokotizon, mai maye gurbin wani sinadarin adirenal, su suka zama sanadin tashinta, kuma magani ne da za ta riƙa sha har abada. Da sun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi.

Wannan cutar gadonta irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye, sannan kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwa. Shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa. Jariri namiji mai ita kuwa babu alamar komai a gabansa, sai dai a ga ya fara amai a mako na biyu ko na uku.

Akwai kuma akasin haka. Yarinya mai XY, jikinta yana yin testostiron amma ba ya amsa masa ko kaɗan. Ta tashi mace, ƙirji ya fito, sai al'ada ta ƙi zuwa, a duba a ga babu mahaifa. Irin waɗannan kusan dukkansu mata suke jin kansu, mata suke rayuwa. A wani ƙauye mai suna Las Salinas a Jamhuriyar Dominika kuwa, likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 yara masu XY da suka rasa sinadarin nan mai ƙarfafa testostiron, ana renonsu a matsayin mata, da balaga ta zo murya ta buɗe, gaba ya girma, akasarinsu suka koma rayuwar maza. Wannan ne ya sa ba na son a yi gaggawar tiyata kafin a gano ainihin dalili. Ceton rai ne ke da gaggawa.

Malamanmu ma ba su ɗauki abin a matsayin abin kunya ba. Sun yi babin khunsa a fikihu, har rabon gado suka fayyace: wanda aka kasa tantancewa a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace.

Idan aka ga shakka a gaban jariri, kada a jira suna, kada a kira wanzami. A nemi a tura ku asibitin koyarwa a auna gishirin jini, a ɗauki hoton ciki, a yi gwajin kuromosom. Matar da ta taɓa rasa jariri da amai a makonnin farko kuma, ta faɗa mana tun a wajen awon ciki, domin mu sa ido a kan wanda ke tafe tun daga ranar farko.